Ƙafafun Dawakin Marigayi

Nasira ta danna makunni na uku a bangon korido, sai ta ji wata na'ura ta yi tari, ta yi gurnani, ta tashi a bayan ƙofar da ba a buɗewa. Ta tsaya da yatsa a kan makunnin. Idan sai yanzu esin ɗakin ya tashi, ke nan a kashe yake. Idan kuwa a kashe yake, ita ta kashe shi, tun ranar da uwar ɗakinta Dakta Safiyyatu ta tafi hutu Kano. Yau sati shida cif, kuma yau da la'asar jirginta zai sauka.

Ba da gangan ta yi ba, halin gida ne ya biyo ta. A gidansu na Aboabo, can Kumasi, mita ce mai cin kati, kuma mahaifiyarta ba ta dukan yaro don ya fasa kwano kamar yadda take dukansa in ya fita ya bar ƙwan lantarki a kunne. Da wannan Nasira ta girma, har ta kai in ta wuce jar fitilar makunni sai ta ji kamar ana hararar ta. Shekara uku take nema a Doha, garin da mutum zai tafi umara ya bar esi yana sanyaya kujeru, amma halin bai sake ta ba. Ranar da Dakta ta tafi, ta bi gidan ɗaki-ɗaki tana kashe-kashe, har tana yaba wa kanta, wai ita ga mai tattali. Makunnai huɗu ne jere a koridon. Ta kashe su duka, ta jawo fanka ɗakinta.

Abu ɗaya tak Dakta ta gaya mata ranar da ta kama aiki, wata goma da suka wuce: ɗakin nan na marigayi ne, ba a shigarsa, ba a kashe masa esi. Marigayin shi ne mijinta Ja'afaru, likitan dawaki a wata barga da ke bayan gari. Korona ta ɗauke shi a watan Yunin shekarar kulle, aka binne shi a nan Doha, matarsa ba ta ko ga fuskarsa ba, ga ta likita. Tun daga nan ita kaɗai ke shiga ɗakin, duk Juma'a da safe, da tsumma a hannu, ta kulle kanta a ciki. Mai aikin da Nasira ta gada, wata Zalihatu, kofin shayinsa kawai ta ɗauko ta wanke. Dakta ba ta yi mata faɗa ba, don ita ba ta faɗa. Waya ta ɗauka ta saya mata tikiti, kwana biyu tsakani Zalihatu tana gida Tamale.

Ba korar ce kaɗai ta tsorata Nasira ba. Mumin ne, mijinta. Rabonta da shi tun kafin korona, ta baro 'yarsu Fausatu tana shekara huɗu. Ta zo da niyyar shekara biyu, cuta ta rufe hanya, gidan da ta fara aiki suka riƙe ta, daga baya suka miƙa ta ga Dakta, hutun da take ƙirgawa ya koma sai baɗi. Yanzu saura sati uku a fara gasar cin kofin duniya, Allah ya yi wani attajirin unguwarsu zai kawo magoya bayan Gana, sunan Mumin ya fito saboda shi ke buga musu ganga. An ba shi jirgi, an ba shi tikitin wasa, masauki ne babu. Katin shiga ƙasar kuwa ba ya fita sai wani mazaunin Doha ya cika takarda cewa a gidansa baƙon zai sauka.

"In na dawo zan cika, aikin minti biyar ne," in ji Dakta kafin ta tafi. "Ni dama asibiti zan tare a kwanakin nan, sai ku samu wuri."

Sati shida Nasira tana kwana tana tashi da wannan magana.

Akwai mabuɗin ko-ta-kwana a ambulan cikin durowar kicin, saboda gobara ko yoyon ruwa. Ta ɗauko shi, ta yi bisimilla ta buɗe ɗakin. Zafi ya daki fuskarta kamar ta ɗaga murfin tukunya, da warin roba mai hawa kai. Labule a yaye yake, tagar kuma yamma take kallo, a hawa na biyar, babu abin da ya tare ta. Duk ranar ƙarshen Satumba da ta Oktoba ta ƙare a cikin ɗakin nan.

Daura da tagar, akwai kanta uku a jikin bango, cike da dawakin roba, kowanne ya ɗan fi tafin hannu, irin masu tsada da aka yi wa fenti har da jijiyoyin wuya. Ashirin da biyu ta ƙirga. Kaɗan ne ke tsaye daidai. Wasu sun faɗi, wasu sun jingina da na kusa da su, wasu ƙafafun sun buɗe gefe da gefe, wani ya durƙusa da ƙafar gaba kamar zai sha ruwa. Duk idanunsu a buɗe, baƙaƙe, masu ƙyalli. Nasira ta ji tsoro, tsoro sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kulle garin.

Ta fito ta kira Zuleiha, 'yar unguwarsu da ke kitso a wani salun layi biyu daga nan, cikin unguwar Bin Mahmud.

"Sista Zuleiha, na mutu."

"Wa ya kashe ki da safen nan?"

Ta gaya mata. Zuleiha ta ja tsaki.

"Cale, Nasira, wa ya aike ki? Babanki ne yake biyan wutan? To ki ce esi ya lalace da kanshi. Inji ne, yana lalacewa."

"Ga shi yana aiki, Sista. In Hajiya ya kira mai gyara, kalas, na ƙare."

"Madam ɗinki yana da wuyan hali paa. Tsaya. Dokin nan roba ne ko?"

"Roba ne."

"To, in mun gama kitso, mi muke yi wa meshi?"

Nasira ta dafa bango. Meshi shi ne gashin robar da suke ƙarawa a kitso, kuma ita ma ta yi shekaru tana kitsa shi a ƙofar gidansu. In an gama sai a tsoma bakinsa a ruwan zafi, ya yi laushi ya bi duk yadda aka so, in ya huce ya tsaya a haka.

"Amma ki tara ƙanƙara da yawa," in ji Zuleiha. "Yana fita zafi ki sa shi sanyi, kar ki sake hannu. Yalla, ina da kwastoma a kujera."

Ƙarfe tara ta wuce. Ta shimfiɗa tawul uku a teburin cin abinci, kowanne a madadin kanta ɗaya, ta kwaso dawakin ta jera su yadda ta same su, don kada na sama ya koma ƙasa. Ta ɗora butar lantarki, ta juye ƙanƙarar firij duka a baho, ta sake cika mazuban ta mayar.

Na farko ya kusa ƙarasa ta. Ruwan yana tafasa ta zuba a kofi ta tsoma ƙafar wani jan doki, sai ƙafar ta saki kamar taliya, fentin ya yi fari-fari. Ta miƙar da ita da sauri ta cusa a ƙanƙara, tana ta salati. Ƙafar ta tsaya, amma farin yana nan. Ta goga ruwa, ta goga yawu, a ƙarshe ta ɗigo man zaitun a auduga ta shafa, sai launin ya dawo, ko ya yi kamar ya dawo. Ta zauna a ƙasan kicin ta huta kafin zuciyarta ta koma wurinta.

Daga nan ta gane kan abin. In buta ta tafasa, a bar ta ta ɗan sha iska. A tsoma ƙafa ɗaya kawai, iya gwiwa, a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ba gaggawa. A ciro, a matsa da babban yatsa har kofaton ya zo daidai da ɗan'uwansa, a riƙe a haka a nutsa a ƙanƙara har yatsu su mutu. Sannan a tsayar da dokin a kan tebur, a ɗan taɓa shi. In bai yi rawa ba, ya warke. In ya yi, a koma. Ita da ba ta taɓa hawa ko jaki ba, ga ta ta zama likitar dawaki, a kicin ɗin matar likitan dawaki. Da wata aka ba ta labari da ta yi dariya.

Aikin ba ya sauri. Wani ƙafa ɗaya ce, wani uku, wani in ka gyara ta gaba sai ta baya ta nuna nata laifin. Yatsunta suka yi ja, suka yi fari, suka tattare. Duk sanda ta ɗaga kai sai ta ga agogon bango ya yi tsalle. Ta tagar kicin tana hango titi, an rataye tutocin ƙasashe a kowane turken fitila, sababbin motocin bas suna ta wucewa a jere, ana gwajin hanya, babu fasinja ko ɗaya a ciki. Garin duka yana jiran baƙi, ita kuma tana jiran mai gida.

Ana kiran azahar saƙon murya ya shigo. Ta danna da gwiwar hannu, muryar Mumin ta cika kicin, da hayaniyar tasha a bayansa.

"Maman Fausatu, ya aiki? Na sa wa ganga sabon fata, in kin ji shi za ki ce ba ni ba ne. Mma ya soya miki shito, yajin nan namu, kwalba biyu, ya ce kar in taɓa a hanya. Fausatu kuma ya ce in duba ko kin yi ƙiba. Ki gai da Hajiya, Allah ya kawo shi lafiya. Ki tuna mishi takardan nan, shugaban magoya baya ya ce ran Laraba za su rufe suna. Wanda katinshi bai fito ba, a ba wani kujeranshi."

Ta saurara sau biyu. Kewarsa ta taso mata, ta ji kamar ta kira shi ta faɗa masa komai, amma me zai yi mata daga Kumasi? Ta rubuta masa "To" kawai, ta yi salla a tsaitsaye, ta koma kan ruwan zafi.

Wajen ƙarfe biyu ta gama ashirin da biyun. Ta mayar da su kanta, kowanne a kan sawun kofatonsa da ya rage a cikin ƙura. Suka tsaya cak, a jere, kamar ba abin da ya taɓa samunsu. Ɗakin ya fara sanyi, warin ya ragu. Ta juya za ta fita, sai idonta ya faɗa kan teburin karatun marigayin. A kai akwai wani tire, an rufe shi da koren ƙyalle, ƙyallen ya yi tudu-tudu.

Ta ɗaga gefensa. Dawaki bakwai ne kwance, kuma nasu ya fi na kowa muni. Wani gwiwoyinsa sun haɗe, wani ƙafafunsa sun baje kamar na saniya, wani kofatonsa ya juya yana kallon waje. Ta yi mamakin yadda zafi ya fi cin waɗannan, alhali suna nesa da taga kuma a rufe. Sai ta ce a ranta ai ƙyallen ne ya tara musu zafi, kamar yadda murfi ke yi wa tuwo. Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah da ya nuna mata su. Da ta fita ba ta gani ba, da duk wahalar yau ta tashi a banza.

Waɗannan sun ba ta wuya. Robarsu ta fi tauri, Ƙulhuwallahu uku ba ta isar su, sai biyar, wani har bakwai. Ƙanƙara ta ƙare, ta fasa wadda ba ta gama daskarewa ba, ta haɗa da ledar kaza daga firiza. Tana kan na biyar wayarta ta yi ƙara. Dakta ce ta rubuto: "Mun sauka." Nasira ta ƙara matsa yatsa. Ba ta tsaya kallon kowanne ba, ƙafa dai take gani, ta miƙar, ta ajiye, ta ɗauko wata.

Huɗu saura kwata ta kwantar da na bakwai a tiren, ta rufe ƙyallen, ta kulle ɗakin, ta mayar da mabuɗi cikin ambulan. Ta shanya tawul, ta goge tebur, ta canza riga, ta ɗora shinkafa. Har ta samu lokacin shafa man kaɗanya a yatsunta.

Dakta Safiyyatu ta shigo da sallama, direban tasi na biye da akwatuna. Doguwa ce, siririya, takunkumi a ƙarƙashin haɓa, don ita har yanzu ba ta yarda an gama da cutar ba. Ta wanke hannu kafin ta amsa sannu da zuwa. Hutun ya karɓe ta, har da ɗan murmushi. Ta buɗe ƙaramar jaka a falo ta fito da kilishi, da turmin atamfa, da wata hula mai aiki shuɗiya.

"Atamfar taki ce. Hular ta maigidanki, kada ya zo ya ce Kanawa ba mu san baƙo ba. Ki tuna mini takardarsa bayan magariba."

"Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri."

Muryarta ta fito daidai, har ita kanta ta yi mamaki. Dakta ta ciro nata mabuɗin daga jaka, ko mayafi ba ta cire ba, ta nufi koridon. Nasira ta ji ƙofar ta buɗu, ta ji ta rufu. Ta koma kicin ta tsaya a gaban tukunya da ludayi a hannu, ba ta juya komai ba. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce. Ta fara ce wa kanta shi ke nan, ta sha.

"Nasira."

Ba da ƙarfi aka kira ba. Da an yi ihu da ya fi mata sauƙi.

Dakta na zaune a kujerar marigayin, tiren a cinyarta, koren ƙyallen a ƙasa. Ko kallon kantar ba ta yi ba. Ta tsayar da ɗaya daga cikin bakwai ɗin a kan tebur, yana tsaye kyam a kan ƙafafu huɗu, ita kuma tana kallonsa.

"Wa ya shigo ɗakin nan?"

Nasira ta durƙusa a bakin ƙofa. Ƙaryar Zuleiha ta zo mata baki, ta haɗiye ta. Ta faɗi komai, makunnin, da sati shidan, da ruwan zafin, har da man zaitun.

"Amma na gyara duka, Hajiya. Wallahi ko ɗaya ban bari ba."

"Ko ɗaya," in ji Dakta.

Ta ɗauko wani daga tiren ta juya shi a hannu, ta bi ƙafafunsa da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan ba zafi ne ya lanƙwasa su ba. Shi ya lanƙwasa su."

Nasira ba ta gane ba, ta ɗago kai.

"Masu kula da dawaki a bargarsu, wannan daga Sudan, wannan daga Indiya, wannan daga Nepal, babu mai jin yaren wani. Doki zai yi sati yana ɗingishi ba wanda ya iya gaya masa. Shi ne ya ce zai yi musu abin da ido zai gani. In ka ga ƙafa ta yi haka, ka kira ni. In ta yi haka, kada ka bari a hau shi. Lokacin kulle ya zauna a kicin ɗin can da na'urar busar da gashina, kullum ɗaya, har ya ƙona mini ita, na yi ta mita. Ranar da ya gama na bakwai ya fara tari. Bai kai musu ba."

Ta ajiye dokin a hankali.

"Na kan kanta saye ya yi, gobe ma in na so zan saya. Da sun narke gaba ɗaya da na haƙura. Waɗannan ne kawai abin da ya bar mini da hannunsa a jiki."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Nasira ta so ƙasa ta tsage ta shige. Tausayin matar ya kama ta, kunya ta kama ta, amma gaskiya tsoro ya fi su yawa, don ta ga Dakta ta ciro waya daga jaka. Da wayar nan aka saya wa Zalihatu tikiti. Da ita kuma za a cika takardar Mumin. Dakta ta kunna ta, hasken ya haska fuskarta, ta daɗe tana kallo ba ta danna komai ba.

"Da ruwan zafi kika ce?"

"E, Hajiya."

"In an mayar da su ruwan, za su lanƙwasu?"

"Za su lanƙwasu."

"Ban taɓa ɗaukar hotonsu ba. Me zai sa in ɗauka, ga su nan?" Ta kashe wayar. "Ke ce ta ƙarshe da ta gan su. Kin tuna yadda suke?"

Nasira ta dubi tiren. Ta tuna akwai mai haɗaɗɗun gwiwoyi, akwai mai ƙafar saniya, akwai mai juyayyen kofato. Amma wane ne mai wanne, kuma ƙafar dama ce ko ta hagu, wannan ya tafi. Dawaki ashirin da tara ne suka bi ta hannunta yau, ƙafafu sun fi ɗari, kuma bakwai ɗin nan a guje ta yi su, ido na kan agogo. Ta tuna Laraba. Ta tuna shuɗiyar hular da ke kan kujerar falo.

"Na tuna, Hajiya."

"To sa ruwa. In kin mayar da su yadda ya bar su, sai mu yi maganar takarda."

Rana ta yi ja a tagar kicin lokacin da butar ta tafasa. Dakta ta zauna a kujerar da ke kusa da firij, ta kife wayar a kan tebur kusa da gwiwar hannunta. Nasira ta kashe shinkafar da ta fara kamu, ta fasa 'yar ƙanƙarar da ta samu a baho, ta zuba ruwan zafi a kofi ta bar shi ya sha iska.

"Fara da kilin," in ji Dakta, ta tura mata wani farin doki. "Shi ya fara yi."

Nasira ta karɓa ta riƙe shi a saman kofin. Ƙafafu huɗu, duk a miƙe, duk iri ɗaya, aikinta ya yi kyau ba inda ya bar alama. Ta ɗan jinkirta, tana juya shi a hankali, tana satar kallon Dakta. Dabararta ita ce in ta kai kan ƙafar da ta dace, idon matar zai nuna, ko ta gyaɗa kai, ko ta ce ba wannan ba. Sai ta ga idon Dakta ma yawo yake, daga ƙafar gaba zuwa ta baya, daga ta baya zuwa ta gaba, kamar mai neman ɗanta a cikin taro. Fiye da shekara biyu tana goge su duk Juma'a, ashe ba ƙafafun take kallo ba. Ita ma ba ta sani ba.

Nasira ta tsoma ƙafar gaba ta hagu. Ta karanta Ƙulhuwallahu biyar a zuci, ba ta san ko tana da bakin karantawa ba. Ta ciro, ta tura kofaton waje da babban yatsa, ta nutsa a ƙanƙara, ta riƙe har sanyin ya hau mata hannu. Ta goge shi da tawul ta tsayar a kan tebur. Dokin ya karkata, ya yi rawa, ya faɗi a gefensa.

Dakta ta ɗauke shi da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon ƙafar, ta shafa lanƙwasar da yatsa, ta sake shafawa. Sai hawayen da ba su zo a ɗakin ba suka zo.

"Haka take," ta ce. "Wallahi haka ya yi ta."

A daidai lokacin abin ya faɗo wa Nasira, tar kamar a gabanta. Ɗazu da take miƙar da farin dokin nan, jelarsa ce ta yi ta tokare mata yatsa, har ta zage shi. Ƙafar baya ce. Ba ta taɓa ta gaba ba sam.

Ta buɗe baki. Dakta na rungume da dokin a ƙirji, idonta a rufe, wayar na nan kife kusa da gwiwar hannunta. Daga masallacin layin aka fara kiran magariba.

Nasira ta zubar da ruwan kofin, ta zuba sabo, ta miƙa hannu cikin tiren ta ɗauko na biyu.